Tarihin Frank Hornby, Akawun da Ya Mai da Wasan Yara Sana'a

A filinmu na tarihin mashahuran mutane, yau za mu kawo wa masu karatu labarin wani Bature ɗan ƙasar Ingila mai suna Frank Hornby, wanda ya rasu tun shekarar 1936, amma har yanzu akwai masu haɗa ƙananan jiragen ƙasa da irin ƙarafan da ya ƙirƙiro. Duk wanda ya tashi a unguwar Briketeri ko Elig-Edzoa a nan Yawunde ya san yadda yaranmu suke tsintar gwangwanin madara da waya da murfin kwalba su haɗa mota ko jirgi, su ɗaura zare suna ja, mu kuma iyaye muna korar su wai suna tara mana shara. To, irin wannan wasa ne Hornby ya mai da shi sana'a, har ta kai shi ga zama ɗaya daga cikin manyan attajiran garinsu. Mun ga ya dace 'yan kasuwa su ji yadda aka yi.

An haifi Frank Hornby ranar 15 ga watan Mayu na shekarar 1863 a birnin Liverpool. Matasanmu na yanzu sun san wannan gari ne ta hanyar ƙwallon ƙafa, amma iyayenmu sun san shi a matsayin tashar jiragen ruwa da ake kai wa manja da gyaɗa da fatu daga ƙasashenmu, kuma can ne hedkwatar kamfanin John Holt da ya yi ciniki a Nijeriya da Kamaru. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne mai sayar da kayan masarufi. Hornby ya bar makaranta yana da shekara 16, ya koma shagon mahaifinsa yana riƙe kuɗi. Bai yi karatun injiniya ba ko na rana ɗaya. A shekarar 1887 ya auri wata malamar makaranta mai suna Clara, suka haifi 'ya'ya maza biyu, Roland da Douglas, daga baya kuma suka sami mace.

A shekarar 1899 mahaifinsa ya rasu, aka rufe shagon. Sai ya koma akawu a wajen wani mai shigo da nama daga ƙasashen waje, David Elliott. Albashin akawu ba ya isa a sayi kayan wasa masu tsada, don haka idan ya taso daga aiki sai ya shiga ɗan ɗakin da ya keɓe a gidansa, ya yanka fallen ƙarfe ya haɗa wa yaransa gada ko mota ko injin ɗaga kaya irin na bakin tashar jiragen ruwa. Matsalar ita ce duk abin da ya haɗa, sai ya sake yanko sababbin ƙarafa, domin na gada ba sa shiga jikin mota.

A nan ne dabarar da ta canza rayuwarsa ta zo masa. Ya ga cewa idan ya yanka ƙarafan sirara, ya huhhuda su a jere, tsakanin kowace huda da ta kusa da ita rabin inci daidai, to kowane ƙarfe zai haɗu da ɗan'uwansa da kusa da noti. Haka kuma hudar da kusa take shiga, ita ce sandar da ke riƙe ƙafafu za ta ratsa ta juya a ciki. Yaro zai iya haɗa jirgi yau, gobe ya kwance shi ya haɗa gada da ƙarafan nan dai. Ma'auni ɗaya shi ne sirrin abin, kamar yadda ciniki yake tafiya lafiya a kasuwar da kowa ya yarda da mudu ɗaya.

Hornby bai tsaya yana nuna wa maƙwabta ba. A watan Janairu na 1901 ya yi wa dabarar rajista a hukumance don kada wani ya kwaikwaya ya ci riba a kansa. Kuɗin rajistar ma ba shi da su, sai da ya ranci fam 5 a hannun maigidansa Elliott, wanda daga baya ya shiga cinikin a matsayin abokin tarayya. A 1902 kayan suka shiga kasuwa da sunan Mechanics Made Easy, wato kanikanci a sauƙaƙe. Ana sayar da akwati ɗaya sule 7 da sisi, a ciki akwai ƙarafa iri 16 da takardar da ke nuna yadda za a haɗa abubuwa 12. Ya kuma nemi wani shehun malamin injiniya na garin, Henry Hele-Shaw, ya duba kayan ya yaba, sai ya riƙa amfani da wannan shaida wajen talla.

Kada masu karatu su ɗauka nan da nan kuɗi suka fara shigowa. A 1903 ya sayar da akwati 1,500, amma babu riba. Masu ƙera masa ƙarafan a waje ne suke, wani lokaci aikin ba ya fita daidai, kuma duk wannan tsawon lokaci yana riƙe da aikinsa na akawu. Mai haƙuri shi kan dafa dutse. Sai a 1907 ya kama wurin ƙira nasa na kansa a Liverpool, ya kuma yi wa kayan rajista da sabon suna gajere, Meccano, wanda ke da sauƙin faɗa a kowane harshe. A 1908 aka kafa kamfanin Meccano, Elliott kuma ya janye daga cinikin. A 1914 suka tare a babbar masana'anta da ke titin Binns, wadda ta zama hedkwatarsu fiye da shekara 60.

Yadda yake riƙe mai saye abin lura ne ga duk ɗan kasuwa. Akwatunan lamba-lamba ne, daga ƙarami zuwa babba. Wanda ya sayi ƙarami ba sai ya jefar da shi ba idan yana son babba, akwai akwatin ciko da zai saya ya ƙara a kan nasa. Ke nan ciniki ɗaya yana jawo wani, kuma ƙarfen da uba ya yi wasa da shi yana shiga jikin wanda aka saya wa ɗansa. A 1916 ya fara buga mujallar Meccano, a 1919 ya kafa ƙungiyar yara masu wannan wasa, ana kuma shirya gasa ana ba waɗanda suka fi gwaninta kyautar kuɗi. Ta haka yaran da kansu suka zama masu yi masa talla.

Da arziki ya samu, masu kwaikwayo suka fito. A Amurka sai da ya yi shekaru yana shari'a da masu yin irin kayansa. A Jamus kuwa ya buɗe ofis a Balin, yana hulɗa da kamfanin Märklin, amma da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke a 1914 sai hukumomin Jamus suka ƙwace harkar, ta koma hannun Märklin. Duk wanda rufe iyaka ya taɓa tsare wa kaya a hanya zai fahimci irin wannan asara.

Sai dai yaƙin da ya jawo masa asara shi ne ya buɗe masa wata ƙofar. Kafin yaƙin, yawancin jiragen ƙasa na wasa da ake sayarwa a Ingila daga Jamus ake kawo su. Bayan yaƙin mutanen Ingila suka juya wa kayan Jamus baya, Hornby kuwa ya ga kasuwa a buɗe. A 1920 ya fitar da jirginsa na farko, mai tafiya da sifirin da ake murɗawa da makulli kamar agogon da. Da kusa da noti aka haɗa shi irin na Meccano, kuma faɗin layinsa milimita 32 ne. A 1925 ya fitar da mai aiki da lantarki. Don mu kwatanta zamanin, a 1927 ne layin dogo daga Duwala ya iso Yawunde, na Ngaundere kuwa sai a 1974 aka kammala shi.

Daga nan ne aka sami masu sha'awar da suke shimfiɗa ƙaramin layin dogo a filin bayan gida, su haɗa kan jirgi da hannunsu. Aikin yana bin tsarin jirgin gaske. Da farko a haɗa gindi da ƙarafa masu kusurwa don kada ya lanƙwashe, sannan a ratsa sanduna a sa ƙafafu masu leɓe, leɓen nan shi ke hana jirgi sauka daga kan layi. Sai a ɗora injin sifirin ko na batir. Da yake injin yana gudu da yawa amma ƙarfinsa kaɗan ne, sai a haɗa ƙaramin faifai mai haƙora 19 da babba mai haƙora 57. Ƙaramin zai juya sau 3 kafin babban ya juya sau 1, gudu ya ragu, ƙarfin jan taragu ya ƙaru. Yaron da ya gane wannan ya gane abin da ke faruwa a cikin giyar babbar motar da ke hawa tudun Ngaundere da kaya. Manyan malamai ma sun amfana, domin a 1934, a jami'ar Manchester, Douglas Hartree da ɗalibinsa Arthur Porter sun haɗa injin lissafi da ƙarafan Meccano.

Kafin ƙarshen rayuwarsa kamfanin ya zama mafi girma a harkar kayan wasa a Ingila, yana da masana'anta a Faransa, kayansa suna zuwa ƙasashe da dama. A 1931 aka zaɓe shi ɗan majalisar dokoki mai wakiltar Everton a ƙarƙashin jam'iyyar masu ra'ayin riƙau, ya sauka a 1935. A 1934 ƙananan motocin ƙarfe masu suna Dinky suka fito. Ya rasu ranar 21 ga watan Satumba na 1936 yana da shekara 73, bayan fama da ciwon zuciya da ciwon sukari, aka binne shi a garin Maghull kusa da Liverpool, inda ya daɗe da zama.

Bayan rasuwarsa ɗansa Roland ya karɓi ragamar kamfanin. An ci gaba da ciniki, amma da kayan roba masu araha suka cika kasuwa sai kamfanin ya kasa bin zamani. A 1964 kamfanin Lines Brothers ya saye shi, a 1979 aka rufe masana'antar titin Binns, ma'aikata suka rasa aiki. Wadda ke garin Calais a Faransa ta ci gaba da ƙira, har kamfanin Spin Master na Kanada ya sayi Meccano a 2013, a 2023 kuma ya ba da sanarwar rufe ta. Sunan Hornby dai bai ɓace ba, domin har yanzu akwai kamfanin jiragen wasa a Ingila da ke amsa shi.

Mu da muke cika shaguna da motocin roba na Sin waɗanda ke karyewa kafin mako ya zagayo, ya kamata mu tuna cewa wannan mutum da bashin fam 5 ya fara, kuma ya yi shekaru babu riba kafin ƙofa ta buɗe. A Briketeri muna da maƙera da masu walda da za su iya yanka ƙarfe su huda shi a kan ma'auni ɗaya, muna kuma da yara masu basirar haɗa jirgi da gwangwani. Idan muka ga yaro a kan wannan aiki, mu saya masa filaya da waya, mu kai shi wajen mai sana'a ya koya, in kuma wata dabara ta fito daga hannunsa a yi mata rajista tun da wuri. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, inda za mu kawo muku tarihin wani mashahurin.