Aristotal: Baƙon da ya kafa tubalin mulkin shawara

An haifi Aristotal a shekara ta 384 kafin Miladiyya a garin Stagira da ke arewacin Girka. Mahaifinsa, Nikomakus, likita ne a fadar Sarkin Masedoniya. Yana ɗan shekara 17 ya tafi birnin Atina, ya shiga makarantar Aflatun, inda ya shafe shekara 20 yana neman ilimi.

Atina ta wancan zamani birni ce da 'yan ƙasa ke taruwa kusan sau 40 a shekara su yi muhawara kan yaƙi da sulhu da dukiyar jama'a, kana su kaɗa ƙuri'a. Aflatun bai aminta da wannan tsari ba, domin a ganinsa masana falsafa ne suka cancanci mulki. A nan ɗalibi ya sha bamban da malaminsa.

Bayan rasuwar Aflatun a shekara ta 347, Aristotal ya bar Atina. Daga bisani Sarki Filib na Masedoniya ya ɗauke shi ya koyar da ɗansa Alekzanda. A shekara ta 335 ya koma Atina ya kafa makarantarsa, Lisiyam, inda shi da ɗalibansa suka tattara bayanin tsarin mulkin birane 158. Na Atina kaɗai ya tsira, an gano shi a Masar aka buga shi a 1891.

A littafinsa na Siyasa ya bayyana cewa taron talakawa, in suka zauna suka yi shawara, na iya yanke hukuncin da ya fi na tsirarun masana, domin kowa na kawo abin da ya sani, ilimin wani ya cike giɓin na wani. Ya kwatanta haka da walimar da jama'a suka yi wa karo-karo, wadda kan fi ta mutum ɗaya armashi. Ya kuma ce mazaunin gida ya fi magininsa sanin kyau da aibun gidan. A wurinsa, ɗan ƙasa shi ne mai hannu a shawara da shari'a. Wannan ne ya sa masana dimokuraɗiyyar tattaunawa na yau ke mai da asalin ra'ayinsu gare shi.

Sai dai ya yi gargaɗi cewa taron da ya fi ƙarfin doka kan zama ganimar masu zaƙin baki. Saboda haka ya fifita tsarin da ke gauraya ikon talakawa da na masu hali, tare da rinjayen masu matsakaicin ƙarfi. Haka kuma ya kare bauta, ya cire mata daga sha'anin mulki, abin da ake sukarsa a kai har gobe.

Shi kansa bai taɓa samun damar kaɗa ƙuri'a a majalisar Atina ba, domin baƙo ne. Da Alekzanda ya mutu a shekara ta 323, ƙiyayyar Masedoniya ta taso, aka tuhumi Aristotal da raina allolin birnin. Ya gudu zuwa Kalkis, inda ya rasu a shekara ta 322 yana da shekara 62.

Malaman falsafa na Musulmi sun yi masa laƙabi da Malami na Farko. Ibn Rushd ya yi sharhin yawancin littattafansa, amma na Siyasa bai zo hannunsa ba. Sai wajen 1260 aka fassara littafin zuwa Latin, daga nan ya shiga jami'o'in Turai.