Jibo Bakari: Malamin da Ya Haɗa Kan Ƙananan Ma'aikata

A kowane bikin cikar shekara na ƙungiyarmu mukan waiwayi rayuwar wani da ya riga mu gidan gaskiya domin mu ɗauki darasi. Bana mun zaɓi Jibo Bakari na Nijar, wanda iyayenmu da kakanninmu a Maraɗi, Damagaram, Ƙonni da Kano suka san sunansa tare da kalmar Sawaba.

An haife shi a 1922 a ƙauyen Sudure kusa da Yamai, ƙauyen da ɗan'uwansa Jori Hamani ya fito. Ya yi karatu a makarantar William Ponty ta Senegal, ya dawo ya koyar a Birnin Ƙonni da Agadas. Bayan yaƙin duniya na biyu ya shiga jam'iyyar PPN, reshen RDA a Nijar, har ya zama babban sakatarenta. A 1950 shugabannin RDA suka raba gari da 'yan gurguzun Faransa domin su sasanta da gwamnatin mulkin mallaka. Jibo bai yarda ba, daga nan suka raba hanya.

Da ya rasa jam'iyya, sai ya koma wajen waɗanda ba a lissafa su: leburori, masu aikin lambu, direbobi da yaran mota, magina, masu gadi, da boyi-boyin gidajen Turawa. Kowannensu shi kaɗai ba shi da bakin magana, in ya yi ƙorafi yau gobe an sallame shi. Jibo ya riƙa haɗa su sana'a-sana'a cikin sandika, sannan ya haɗa sandikokin wuri guda.

Dama ta zo a watan Disamba 1952, lokacin da Faransa ta fitar da dokar aiki ta ƙasashen da take mulka, wadda ta ƙayyade aikin mako zuwa awa 40. Doka ta fito a takarda, amma masu ɗaukar ma'aikata suka ja ƙafa. A 1953 ma'aikata suka shiga yajin aiki domin a yi aiki da ita, kuma a Nijar Jibo ne a gaba. Lebura ya gani da idonsa cewa tsintsiya ɗaure take shara.

Jibo ya fahimci cewa yajin aiki yana iya ƙara albashi, amma masu rubuta doka da yanka haraji suna majalisa. Don haka a 1954 ya kafa jam'iyyar UDN a kan waɗannan sandikoki. Direbobi da ƙananan 'yan kasuwa irinmu suka riƙa kai saƙonta daga kasuwa zuwa kasuwa, har ƙauyukan da babu jarida. Jama'a suka laƙaba mata Sawaba, kalmar da NEPU ta Malam Aminu Kano ta riga ta ɗaga a Kano tun 1950. Iyaka ba ta hana talakawan ɓangarorin biyu gane cewa ciwonsu ɗaya ba.

A 1956 aka zaɓe shi magajin garin Yamai na farko. Ya haɗe da jam'iyyar BNA mai goyon bayan sarakuna da yawa, suka ci zaɓen 1957, ya jagoranci gwamnatin 'yan ƙasa ta farko a Nijar. Cikin 'yan shekaru, ƙuri'ar lebura ta kai mutuminsa kan kujera.

Sai dai kujerar ba ta daɗe ba. A ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, Jibo ya nemi a ce a'a ga tayin Janar de Gaulle, a karɓi 'yanci nan take, kamar yadda Seku Ture ya yi a Gini. Faransa ta turo sabon gwamna, Kolombani, wanda ya sa ƙarfin hukuma a kansa, yawancin sarakunan da suka mara masa baya kuma suka juya. A'a ba ta kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Jibo ya sauka, Jori Hamani ya hau, aka haramta Sawaba a 1959.

Ya yi gudun hijira a Mali, Gana da Gini, wasu magoya bayansa kuma suka fake a Kano. A 1964 'yan Sawaba suka shigo da makamai ta kan iyakoki, yunƙurin ya ci tura. Waɗanda suka ɗanɗana kuɗarsa su ne ƙananan mutanen nan: an kashe wasu, an ɗaure da yawa, an raba iyalai. Jibo ya dawo gida bayan juyin mulkin Seyni Kunce na 1974, aka kama shi a 1975, ya yi shekaru a tsare. Ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1993, ƙuri'u kaɗan ya samu. Ya rasu a Yamai ranar 16 ga Afrilu 1998.

Ba mu kawo tarihinsa don mu ce bai yi kuskure ba. Ƙarfin da ya gina a lambu da tasha ya kai shi gwamnati. Ƙarfin da ya aro wurin manya ya zame ranar da ya fi buƙatarsa, bindiga kuma ba ta mayar masa da komai ba. Mu ma idan muka je gaban hukuma kan kuɗin fito ko shingayen hanya, yawanmu da haɗin kanmu ake dubawa kafin a saurare mu.

Akwai kuma tambayar da ya bar mana. Masu dakon da ke sauke mana kaya, yaran mota da masu gadin rumfunanmu, su ne irin mutanen da Jibo ya fara da su. Shin muna biyan su haƙƙinsu a kan lokaci? Suna da wurin zama a taronmu? Muna roƙon kowane reshe ya sa wannan magana a zamansa na gaba.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ƙara haɗa kanmu.