Abu Huraira (RA): Sahabin da Ya Samo Suna Daga Kyanwa

'Yar uwa, kullum kina jin sunan Abu Huraira a Islamiyya, amma kin san ma'anarsa? Mai 'yar kyanwa ke nan.

Mutumin ƙabilar Dausu ne ta ƙasar Yaman, kuma maraya ya tashi. Yana kiwon tumakin gidansu ya tsinci wata 'yar kyanwa. Bai kore ta ba, ɗaukar ta ya yi. Da dare ya ɗora ta a kan bishiya, da rana ya tafi da ita kiwo, har sunan ya bi shi.

Ya iso Madina a shekara ta 7 bayan Hijira, lokacin yaƙin Khaibar. Ya zauna cikin Ahlus Suffa, talakawan da ke kwana a masallaci. Yunwa har kayar da shi take yi, amma bai rabu da Manzon Allah (SAW) ba. Da haka ya ruwaito hadisai 5,374, fiye da kowane sahabi. Ya rasu wajen shekara ta 58.

Cikin ruwayoyinsa akwai labarin matar da ta shiga wuta saboda ta ɗaure kyanwa har ta mutu, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba.

To uwargida, ran da wata mage ta faɗo miki madafa, ki zuba mata sauran abinci da ruwa. In ba za ki iya riƙonta ba, ki bar ta ta tafi lafiya. Ban da kulle ta, ban da watsa mata ruwan zafi, kuma ki hana yara jifar ta. Allah Ya sa mu dace, amin.