Tagore: Yaron Da Ya Guji Aji, Ya Dawo Ya Gina Makaranta

Ɗan'uwa matashi, ka taɓa zama a aji jikinka na nan amma hankalinka na can bakin taga? To ba kai kaɗai ba ne. Haka Rabindranath Tagore ya yi fama, yaron da aka haifa a birnin Kalkata na ƙasar Indiya a 1861.

An kai shi makarantu daban-daban, ko ɗaya bai iya zama ba. Hadda da bulala suka sa ya ga aji tamkar kurkuku. Amma fa ba daƙiƙi ba ne. Tun yana ɗan shekara 8 ya fara rubuta waƙa, yayyensa na ƙarfafa masa gwiwa. A 1878 aka tura shi Ingila da burin ya zama lauya, ya dawo gida hannu rabbana, babu takardar shaida. A nan gida da yanzu an gama yanke masa hukunci, an ce ya lalace.

Abin da ya sha bai manta ba. A 1901 ya buɗe tasa makarantar a Santiniketan, nesa da hayaniyar birni, da ɗalibai biyar kacal. A gindin bishiya ake darasi, kuma da Bengali, harshen da yaran suka tashi da shi. Zane da kiɗa da wasan kwaikwayo suna cikin karatu sosai, ba abin cike lokaci ba ne. Aikin malami shi ne ya lura da inda zuciyar yaro ta karkata, ya taimaka masa.

Kada ka ɗauka abin ya zo da sauƙi. Kuɗi suka yi ƙaranci har matarsa ta sadaukar da kayan adonta. Ta rasu a 1902, daga baya ya rasa 'ya'yansa biyu cikin shekara biyar, amma makaranta ba ta rufe ba.

A 1913 ya ci kyautar Nobel ta adabi, mutum na farko daga nahiyar Asiya. A 1921 makarantar ta zama jami'ar Visva-Bharati. A Santiniketan Satyajit Ray ya koyi zane kafin ya zama gwanin shirya fim, can kuma Amartya Sen ya yi karatu, wanda ya ci Nobel a fannin tattalin arziki a 1998. Shi kansa Tagore sai da ya haura shekara 60 ya rungumi zane gadan-gadan. Ya rasu a 1941.

Ban ce ka tsere daga aji ba, sam! Tagore ya bar benci ne, karatu kam bai taɓa bari ba. Wannan zanen da kake ɓoyewa a bayan littafin lissafi, fito da shi ka nuna wa malamin da ka yarda da shi. In kuma kana da ƙane ko ƙanwa mai irin wannan hali, kafin ka ce shirme yake yi, zauna ka duba tukuna.