François Rozier, Malamin Noma

An haifi François Rozier a birnin Liyon na ƙasar Faransa a shekarar 1734. Limamin coci ne, amma hankalinsa yana ga noma. Ya koyar da ilmin tsirrai a makarantar likitancin dabbobi wadda Claude Bourgelat ya kafa a Liyon. Ya dasa lambu domin ɗalibai su ga tsiro da idonsu, su taɓa shi da hannunsu. A 1765 ya zama shugaban makarantar, amma daga baya saɓani ya shiga tsakaninsa da Bourgelat, har aka raba shi da aikin.

Rozier bai karaya ba. Ya tafi Paris, inda ya shiga buga mujallar kimiyya a 1771. A 1781 ya fara fitar da babban ƙamus na aikin gona. Da ya komo Liyon a 1786, sai ya shugabanci makarantar noma da gandunta na renon itatuwa, yana koya wa masu lambu sana'arsu a aikace.

A 1793, lokacin juyin juya hali, sojoji suka kewaye Liyon. Bam ya faɗo a kan gidansa da dare, ya rasu.