William Howard Russell

William Howard Russell (1820 zuwa 1907) ɗan jarida ne haifaffen ƙasar Ireland wanda ya yi wa jaridar The Times ta Landan aiki. Ana lasafta shi cikin mutanen farko da suka riƙi kawo labari daga fagen fama a matsayin sana'a. Rahotanninsa daga Yaƙin Kirimiya sun taimaka wajen faɗuwar gwamnatin Birtaniya a shekarar 1855.

Farkon rayuwa

An haife shi a watan Maris na 1820 a yankin Tallaght kusa da Dublin, ya kuma yi karatu a Kwalejin Trinity da ke birnin. Ya fara rubuta wa The Times labarai a 1841, lokacin zaɓen da aka yi a Ireland. Ya karanta shari'a har ya zama lauya a 1850, amma aikin jarida ne ya riƙe.

Yaƙin Kirimiya

A 1854 Birtaniya da Faransa suka shiga yaƙi da Rasha suna mara wa Turkiyya baya. Editan The Times, John Delane, ya tura Russell ya bi sojoji. Kafin wannan lokaci, yawancin abin da jama'a ke ji game da yaƙi daga bakin hafsoshi yake fitowa, ko daga sanarwar gwamnati. Russell kuwa ya zauna a sansani, ya riƙa tattaunawa da ƙananan sojoji, yana rubuta abin da idonsa ya gani. Ya ba da labarin gumurzun Alma, da na Balaklaba a ranar 25 ga Oktoba 1854, inda aka tura dawakan Birtaniya kan igogin Rasha bisa umarnin da ba a fahimta ba, aka yi asarar rayuka da yawa.

Da hunturu ya shigo, wasiƙunsa suka bayyana yadda sanyi da yunwa da kwalara ke kashe sojoji a bakin birnin Sebastofol, alhali kayan abinci da tufafi na jibge a tashar jirgin ruwa babu hanyar kai su. The Times ta ɗora laifin a kan babban kwamanda, Lord Raglan, da hukumomin soja. Raglan ya koka cewa rahotannin na tona wa abokan gaba asirin rundunarsa. A watan Janairun 1855 ɗan majalisa John Roebuck ya gabatar da ƙudurin a yi bincike, majalisa ta amince da ƙuri'a 305 a kan 148. Firayim Minista Lord Aberdeen ya yi murabus, Lord Palmerston ya gaje shi. A watan Fabrairun 1856 sabon kwamanda, Janar William Codrington, ya hana 'yan jarida buga bayanan da za su amfani abokan gaba, matakin da ake kallo a matsayin mafarin tace labaran yaƙi a sojan Birtaniya.

Indiya da Amurka

A 1858 Russell ya je Indiya lokacin tawayen da aka yi wa mulkin Birtaniya. Ya shaida kama birnin Lucknow, ya kuma soki ramuwar gayyar da sojojin Birtaniya suka yi wa 'yan ƙasa. A 1861 ya tafi Amurka, inda ya gana da Shugaba Abraham Lincoln. Duk da ƙyamar da yake yi wa bauta, labarin da ya bayar na yadda sojojin Arewa suka tsere a Bull Run a watan Yuli ya jawo masa baƙin jini a wurin jaridun Arewa. A 1862 Sakataren Yaƙi Edwin Stanton ya hana shi izinin bin runduna, sai ya koma Ingila.

Ƙarshen rayuwa

Ya kafa jaridar Army and Navy Gazette a 1860. Ya halarci yaƙin Ostiriya da Furushiya a 1866 da na Faransa da Furushiya a 1870, inda matasan wakilai masu aika labari ta wayar tangaraho suka riƙa riga shi. An ba shi lambar girma ta Sir a 1895. Ya rasu a Landan a watan Fabrairun 1907, aka binne shi a maƙabartar Brompton.

Tasiri

Bayan zamaninsa gwamnatoci sun ƙara matsa wa wakilan yaƙi. A farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya, Lord Kitchener ya hana 'yan jarida zuwa fagen daga, kuma 'yan kaɗan da aka bari daga 1915 sai an tace rubutunsu. Duk da haka, rahoton da The Times ta buga a watan Mayun 1915 kan ƙarancin harsasan igwa yana cikin abubuwan da suka tilasta wa Firayim Minista Asquith kafa gwamnatin haɗin gwiwa.