Shehu Muhammad Gibrima Na Nguru Da Sirrin Sunayen Allah

Duk ɗalibin da ya fito daga Nguru ko Gashuwa ya san sunan Shehu Muhammad Gibrima, amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa buɗe littafinsa. Shehin malamin Tijjaniyya ne, kuma yana cikin manyan almajiran Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha a ƙasar nan. A Nguru, inda layin dogo daga Kano ya tuƙe, ya kafa zawiyarsa, almajirai suka yi ta tururuwa daga ƙasar Hausa da Barno.

Ya yi fice wajen rubuta salatin Annabi da ilimin sirrin haruffa da sunayen Allah. Daga cikin littattafansa na Larabci akwai Jihazus Sarihi da Nata'ijus Safari. A wurin malamai irinsa, kowane suna daga cikin 99 ɗin nan yana da ma'anarsa da adadinsa da buƙatar da ake roƙo da shi. Ɗauki Laɗifu, wato Mai tausasa wa bayi. Haruffansa huɗu a hisabi sun ba da 129, shi ya sa ake jan sa ƙafa 129 idan an shiga ƙunci. Mabiya addinin Hindu ma suna karanta sunayen Bishnu 1,000 da ke cikin Mahabharata, sai dai aƙidar ta sha bamban da tamu.

Ya rasu a 1975, Allah ya jiƙansa. Bayan shekara uku aka kafa ƙungiyar Izala a Jos, muhawara ta yi zafi a kan irin wannan ilimi. A ganina, mu ɗaliban harshe mun yi sakaci da muka bar wa masu muhawara kaɗai waɗannan littattafai.